Kwana 45: sharhi a kan littafin "No FEAR" na Marsha Coleman-Adebayo

Wani tsohon ɗalibina da ke karatu a Amurka ne ya aiko mini da wannan littafi ta hannun wani mai dawowa gida, haɗe da ɗan saƙo: "Mushe, ga labarin wata mata da ta kayar da gwamnatinta a kotu, na san zai yi maka." Ya kuwa yi mini. Cikin mako guda na gama shi, ni da na saba jan littafin Ingilishi wata da watanni duk da cewa harshen nake koyarwa a lise. Sai dai tun ban kai rabinsa ba wani abu ya tokare mini a ƙirji, kuma ba marubuciyar ce ta ajiye shi a wurin ba, daga gidanmu na taho da shi. Zan zo kansa. Bari in fara ba littafin haƙƙinsa.

Marsha Coleman-Adebayo baƙar fata ce ƴar Amurka, mai digirin digirgir daga jami'ar MIT, kuma sunan Adebayo ta wurin aure ta same shi. Ta yi aiki da Hukumar Kare Muhalli ta Amurka, wadda ake kira EPA, a sashen hulɗa da ƙasashen waje. Bayan faɗuwar mulkin wariyar launin fata a Afirka ta Kudu cikin 1994, ƙasashen biyu suka kafa kwamitin haɗin gwiwa ƙarƙashin mataimakan shugabanninsu, Al Gore da Thabo Mbeki, ita kuma aka ɗora mata wakilcin hukumarta a ɓangaren muhalli. Ta nan ne labarin masu aikin ma'adinin banadiyam a yankin Brits ya iso kunnenta. Banadiyam wani sinadari ne da ake gauraya wa ƙarfe don ya ƙara tauri, kuma kamfanin da ke da wurin tushensa a Amurka yake. Ma'aikatan, baƙaƙen fata, suna ta ciwo, harshen wasunsu ya rine ya koma kore, wasu na zubar da jini. Ta kai maganar gaban manyanta, ta nace, daga ƙarshe aka janye ta daga wannan aiki. Ta yi ƙarar hukumar a kan wariyar da ta ce an daɗe ana nuna mata, kuma ranar 18 ga Agusta 2000 masu taya alƙali yanke hukunci a wata kotun tarayya da ke Washinton suka samu EPA da laifin nuna mata bambanci saboda launinta da kasancewarta mace, da kuma mayar mata da wurin aiki wurin ƙunci. Suka yanke mata diyyar dalar Amurka 600,000, aka rage zuwa 300,000, domin nan ne dokar 1991 ta ja layi. Littafin ya fito a 2011, da gabatarwar Noam Chomsky.

Inda littafin ya fi ƙarfi, a nawa ganin, shi ne inda ya ƙulla wurare biyu da igiya ɗaya: ofis mai sanyi a Washinton da ramin ma'adini a Afirka ta Kudu. Marubuciyar ba ta yarda mai karatu ya ɗauki waɗannan a matsayin labarai biyu ba. Idon da ya raina ta a ɗakin taro shi ne idon da ya ƙi ganin koren harshen lebura. Akwai wata magana da ta shahara tun lokacin shari'ar, cewa wani babba ya taɓa nuna mata an yarda ta zauna cikin wani taro ne don ana kallon ta a matsayin farar fata ta alfarma. Wanda ya san tarihin Afirka ta Kudu zai ji nauyin wannan sau biyu, domin gwamnatin wariya tana da irin wannan matsayi a aikace, wanda take ba Japanawa da wasu baƙin da ake son kuɗinsu ko ake jin kunyar wulaƙanta su. Ga shi an kawo ƙarshen abin a Piretoriya, sai ta tsince shi a bakin abokin aikinta a Washinton. Marubucin ƙagaggen labari da ya ƙirƙiro wannan, da mun ce ya cika gishiri.

Haka kuma littafin ya yi ƙoƙari wajen nuna cewa rigima da wurin aiki a jiki take sauka. Hawan jini, barazana, rashin barci, tsoron abin da zai samu iyali. Duk wanda ya taɓa tashi da safe cikinsa na juyawa don ya tuna da fuskar shef ɗin da zai gaisar, zai gane waɗannan shafuka ba sai an fassara masa ba.

Ta fuskar salo kuwa ina da ja. An gina labarin fage-fage kamar fim, da zantuka a bakin mutane. Zaman kotu akwai takardun da suka adana shi, amma hirar da aka yi a tsaye bakin ƙofar ofis shekara goma sha wani abu baya, babu mai riƙe ta kalma da kalma, kuma idan aka jera ta sumul sai mai karatu ya fara jin hannun marubuci a kafaɗarsa. Manyan da suka cuce ta ma ba a ba su ciki ba. Mugaye ne tun shigowarsu har fitarsu. Ba ina nema musu uzuri ba ne, kotu ta riga ta yi magana. Abin da na sani daga shekarun da na yi cikin aikin gwamnati shi ne, mai danne ka da wuya ya zo da ƙaho. Shi ne wanda ya zo sunan ɗanka, ya ba da gudummawa ranar da aka yi maka rasuwa, sannan ya cire sunanka daga jerin masu ƙarin girma yana murmushi. Da littafin ya zana mana irin wannan, da ya fi tsoratarwa, kuma da ya fi amfanar ma'aikacin da ke neman gane halin da yake ciki.

Wannan duk ƙananan abubuwa ne. Babbar rigimata da littafin tana kan bangonsa, inda aka rubuta kalmar nasara.

Nasarar da ake nufi biyu ce: hukuncin kotu, da dokar da ta biyo baya. Bayan shari'ar, marubuciyar da wasu ma'aikata suka dinga safa da marwa a majalisar dokoki, ƴan majalisa irin su James Sensenbrenner da Sheila Jackson Lee suka ɗauki maganar, har shugaba George W. Bush ya sa hannu a dokar ranar 15 ga Mayu 2002. Haruffan farko na dogon sunanta su ne suka ba da No FEAR, wato babu tsoro. Abin da dokar ta yi ba ƙarami ba ne. A da, idan wata hukumar tarayya ta faɗi shari'ar wariya, daga wani asusu na baitulmalin ƙasa ake biyan diyyar, hukumar ba ta ji a aljihunta. Dokar ta ce dole ta mayar da kuɗin daga nata kasafin. Ta kuma tilasta wa hukumomi su sanar da ma'aikata haƙƙoƙinsu, su horar da su, su riƙa wallafa alƙaluman koke-koken da aka shigar a kansu. Madalla. Amma duk wannan ya fi shafar wanda ƙararsa ta rayu har ta kai ga hukunci ko sulhu. Ni kuwa tambayar da na yi ta yi wa littafin ita ce: ƙofar fa? Ta ina ake shiga, kuma kwana nawa take yi a buɗe?

Ga yadda abin yake ga ma'aikacin gwamnatin tarayya a Amurka. Dokar ƴancin jama'a ta 1964 ta hana wariya a wurin aiki, a 1972 aka faɗaɗa ta ta haɗa da ma'aikatan tarayya. Amma ma'aikaci ba ya tashi ya nufi kotu kai tsaye. Dole ya fara tuntuɓar jami'in sauraron koke na ma'aikatarsa, ita dai wadda yake ƙara, cikin kwana 45 daga ranar da abin ya faru. Jami'in yana da kwana 30 na ƙoƙarin sasantawa. In ba a daidaita ba sai a ba ma'aikaci takarda, daga nan yana da kwana 15 kacal ya shigar da koke a rubuce. Ma'aikatar ce za ta binciki kanta, an ba ta kwana 180. Bayan haka yana da kwana 30 ya nemi a saurare shi gaban alƙalin hukumar EEOC, mai kula da adalci a wuraren aiki, kuma in an yanke hukuncin ƙarshe yana da kwana 30 ya ɗaukaka ƙara ko kwana 90 ya tafi kotu. Ma'aikacin kamfani yana da kwana 180 a matakin farko, a jihohi da yawa ma 300. Ma'aikatan majalisar dokokin kanta 180 gare su. Shi kuwa na gwamnati 45, kuma ko wannan ɗin ƙari ne, kafin 1992 kwana 30 ne. Wa'adin ba ya cikin dokar majalisa, yana cikin ƙa'idojin da EEOC ta tsara, kuma dokar No FEAR ta wuce ta bar shi inda yake.

Kwana 45, don mai karatu ya ji shi a jikinsa, shi ne mai jego ta yi arba'in da kwana biyar a kai. Sannan a lura da wanda ke riƙe da agogon. In ma'aikaci ya makara, ma'aikatar da yake ƙara ita ce ke da ikon korar kokensa ba tare da ta duba abin da ke ciki ba. In ita ta makara da bincikenta, abin da aka fi cewa shi ne yana iya wucewa mataki na gaba. Da wuya makararta ta sa a ce ta faɗi shari'ar.

A nan ne na ga littafin yana faɗa da kansa, ba tare da ya lura ba. Duk abin da ya sa shi daɗin karatu, lokaci ne. Muna bin wannan mata shekara da shekaru tana ganin abu tana ƙaryata idonta, tana cewa wataƙila ita ce ta fahimta ba daidai ba, tana ƙara ƙwazo don ta rufe bakin masu raina ta, har ranar da ɗigon ya taru ya zama tafki. Haka wariya take shiga wa mutum. Ranar da aka hana ka muƙami ba ka san dalili ba. Sai bayan wata shida, da ka ga an hana wani irinka, an ba wani irin wancan, sannan hoton ya fito. Marubuciyar ta samu shekara 11 bayan hukunci ta zauna ta jera waɗannan abubuwa har suka ba da ma'ana. Ƙa'ida kuwa tana son ma'aikaci ya yi wannan aikin cikin mako shida da kwana uku, yana tsakiyar ruɗu, yana kuma zuwa ofis kullum yana gaida wanda zai yi ƙara. Littafin da ya san yadda ganewa take da nawa haka, na so a ce ya zauna a kan wannan wa'adi ya yi masa babi guda mai zafi. Zuciyarsa tana wani wurin, tana ɗakin shari'a da zauren majalisa, inda ake tafi.

Wata guda bayan sa hannu a dokar, cikin Yuni 2002, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke wani hukunci da ya fayyace abin da nake nufi. Shari'ar Abner Morgan ce, baƙar fata ma'aikacin jirgin ƙasa na Amtrak. Kotun ta raba cuta gida biyu. In wurin aiki ne aka mayar maka da shi wurin ƙunci, da zagi da habaici da tsangwama na yau da gobe, to duka ana ɗaukar su abu guda, muddin ɗaya daga ciki ya faɗo cikin wa'adi. In kuwa mataki ne tsayayye, kamar kora, ko hana ƙarin girma, ko ƙin yi maka canjin wurin aiki, kowanne da agogonsa, kuma yana fara bugawa ranar da aka yi shi. To yawancin abin da ke karya ma'aikaci irin na biyun ne. Takarda ɗaya ce mai kwanan wata da hatimi.

In da ni ake tambaya wane labari ya kamata a ɗinka a bayan wannan littafi, zan ce na Marvin Green. Shi ma baƙar fata ne, ya yi shekara 35 yana aikin gidan waya, har ya zama shugaban gidan waya na Englewood a jihar Kwalorado. A 2008 ya nemi irin wannan kujera a garin Boulder, aka tsallake shi, ya yi ƙorafin cewa launinsa ne ya jawo. Daga nan zama ya yi tsami tsakaninsa da manyansa. A Disamba 2009 suka zarge shi da jinkirta wasiƙu da gangan, abin da ke laifi ne a dokar ƙasar. Ranar 16 ga watan aka sa hannu a yarjejeniya: ba za a bi maganar laifin ba, shi kuma ya zaɓa, ko ya yi ritaya, ko ya koma Wamsutter, wani ƙauye a jihar Wayomin da mutanensa ba su kai 500 ba, a kan albashin da bai kai nasa ba. Ranar 9 ga Fabrairu 2010 ya miƙa takardar barin aiki. Ranar 22 ga Maris ya je wurin jami'in sauraron koke ya ce tilasta masa aka yi.

Mai karatu ya ƙirga da kansa. Daga ranar miƙa takarda kwana 41 ne, yana ciki. Daga ranar yarjejeniya kwana 96 ne, ya makara. Kotun farko ta ce ya makara, kotun ɗaukaka ƙara ta ce haka ne. Sai ranar 23 ga Mayu 2016 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 7 a kan 1, ta bakin mai shari'a Sonia Sotomayor, ta ce mutum ba zai yi ƙarar an tilasta masa barin aiki ba alhali bai bari ba tukuna, don haka agogon yana farawa ne ranar da ya sanar da barinsa. Fiye da shekara shida ke nan ana shari'a, ba a kan ko an cuci Green ba, a kan daga wace rana za a fara ƙirga. Wannan shekara 14 ce bayan dokar da aka ce ta kawar da tsoro. Babu koren harshe a labarin Green, babu Fadar White House, amma shi ne ya fi kama da abin da ke samun ma'aikaci.

Kada a ce na ƙi jin ta bakin ɗaya ɓangaren. Wa'adi yana da hujjarsa. Shaidu suna mantuwa, ana yi musu canjin wuri, suna mutuwa. A shari'ar Lilly Ledbetter, wadda ta yi kusan shekara 20 a kamfanin taya na Goodyear ana biyan ta ƙasa da maza, kuma Kotun Ƙoli ta ce a 2007 ta wuce kwana 180 ɗinta, alƙalai masu rinjaye sun yi nuni da cewa shugaban da take zargi ya riga ya rasu kafin a zo shari'a, ba zai iya kare kansa ba. Wannan magana ce mai nauyi, ko da yake majalisa ta gyara dokar a 2009 a kan abin da ya shafi albashi. Ƙa'idar kwana 45 ɗin ma ta bar ƴar kafa: ana iya ƙara wa mutum lokaci in ba a sanar da shi wa'adin ba, ko bai san an yi masa abin ba kuma babu yadda za a yi ya sani. Sai dai shi ne zai kawo hujjar hakan, kuma wurin ma'aikatar da yake ƙara zai fara kai ta. Sannan in ana tsoron mantuwar shaidu ne, me ya sa shaidun kamfani ke iya tunawa har kwana 300, na gwamnati kuwa 45?

To ga abin da na ce na taho da shi daga gida.

Yayata ta yi shekara 16 tana aikin lissafin kuɗi a wani ofishin gwamnati a nan ƙasarmu. Kujerar shugaban sashe ta buɗe tana hutun haihuwa, aka ba wani yaro da ita ta koya masa aikin. Da ta koma ta je ta tambaya cikin ladabi, shef ya ce mata a gaban mutane mace mai goyo ba ta iya wannan kujera. Ta yi gunaguni, gunagunin ya kai inda ya kai, ba a jima ba takardar afektasiyo ta fito, aka tura ta wani gari mai nisa, ga jariri ga miji a nan. Ranar da ta kawo takardar gida ta ce za ta kai ƙara. Innarmu ta ce ta yi haƙuri, abinci ne ba a faɗa da shi. Ni kuwa, mai ilimin gidan, na ce, "Yaya, kada ki fara da takarda, takarda ba ta goguwa. Bari mu bi ta hannun manya." Muka tura kawunmu wurin wani da ya san surukin shef. Aka ce a bari azumi ya wuce. Azumi ya wuce, aka ce bayan salla. Aka ce ana dubawa, dosiyenta yana kan tebur. Ita ma ba ta son a ce ta cika baki, ta yi ta jira.

Wata bakwai muka ci a haka kafin na raka ta wurin wani lauya a Yamai. Ta ɗauko jaka cike da takardu, har da wasiƙun yabo da aka taɓa ba ta. Mutumin ya zaro ɗaya kawai, ya duba ƙasanta, ya ce, "Hajiya, yaushe wannan ta shiga hannunki?" Ta faɗa masa. Ya lanƙwasa yatsunsa yana ƙirga, ya ture jakar a hankali ya ce lokacin ƙalubalantar wannan takarda ya wuce, ko an shigar ba za a kai ga duba abin da shef ya faɗa ba. Bai karanta sauran ba. A mota muna dawowa ba ta ce mini komai ba, kuma har yau ba ta taɓa cewa laifina ne ba, abin da ya fi zagi ciwo.

Ba ina cewa dokarmu da ta Amurka ɗaya ba ce. Tsarin shari'ar ma'aikata da gwamnati da muke bi daga Faransa muka gaje shi, inda ƙa'idar ita ce wata 2 don ƙalubalantar matakin hukuma. Maƙwabtanmu na Najeriya kuma suna da tsohuwar dokar kare jami'an gwamnati mai cewa a shigar da ƙara cikin wata 3, wadda lauyoyinsu suka daɗe suna jayayya a kan ko ta shafi rigimar ma'aikaci da ma'aikatarsa. Abin da ya haɗa su shi ne, ko'ina gwamnati ce ke yanka wa'adin da za a yi ƙararta, kuma ba ta yanka shi da faɗi. A wurinmu akwai ƙarin wani abu. Duk tarbiyyar da aka yi mana ta zama da manya, haƙuri, kawaici, aike, jiran a huce, kowacce kwanaki take ci. Mai ladabi shi ne ke makara. Shef ɗin da ya ce ana dubawa ba sai ya san doka ba, al'ada tana yi masa aikin.

Shi ya sa kalmar nasara ta tsaya mini a wuya. Littattafan gwagwarmaya irin wannan, wanda ya tsallake ne ke rubuta su, kuma ba laifinsa ba ne. Amma mai karatu yana rufe littafin da tunanin cewa abin da ake buƙata jarumta ce da dagewa, in ka daure gaskiya za ta yi halinta. Yayata ba ta rasa jarumta ba, ranar farko ta ce za ta kai ƙara. Green ma bai rasa ba. Wanda aka kora a bakin ƙofa don ya zo a kwana na 46 ba shi da fagen kotu da zai ba da labari, ba shi da abin da mai buga littafi zai saya. Ko ita Coleman-Adebayo, in an duba da kyau, nasararta tana da gefe: hukuncin a kan abin da aka yi mata ne, bai shafi leburorin Brits ba, waɗanda dominsu ta fara ɗaga murya. Littafin bai ɓoye su ba, wannan na yaba masa, amma bangonsa ya fi cikinsa murna.

Duk da haka zan ba ɗalibaina manya shi su karanta, saboda babin Afirka ta Kudu da kuma saboda ba kullum ake samun ma'aikaciyar gwamnati ta buɗe cikin ofis haka ba. Kwafin da ke hannuna dai na riga na ɓata shi, na rubuta jerin kwanakin nan da biro a shafin farko, sama da sunan marubuciyar: 45, 15, 30, 90.

Da hutu ya zo na je garin da aka tura Yaya, inda take har yanzu. Bayan sallar isha muna zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa a faranti, na ba ta labarin littafin daga farko har ƙarshe, na haɗa mata da na Green. Ta tambayi nawa aka biya matar, na faɗa mata, ta ce a juya mata shi zuwa sefa, na juya, ta ce tabɗi. Sai ta ce, "Shi mai gidan wayan fa, Malam, an mayar da shi aikinsa?" Na ce hukuncin bai kai nan ba, cewa aka yi a koma kotun ƙasa a tantance ranar da ya sanar da barin aikin, a fara ƙirga daga nan. Ta yi dariya har ta ajiye farantin, ta ce in miƙo mata fitila.